BABI NA UKU: KOYAR DA TARBIYYA DA ZAMA ƊAN ƘASA NAGARI A MAKARANTUN SAKANDARE NA KARKARAR AREWACIN KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake koyar da kyawawan ɗabi'u da haƙƙoƙin ɗan ƙasa a makarantun sakandare na ƙauyukan arewacin Jihar Kano. Za a fara da duba yanayin ƙasar da zaman jama'arta, sannan a waiwayi irin tarbiyyar da yaro yake samu a gida da makarantar allo. Daga nan sai a kawo tarihin shigowar wannan darasi cikin manhajar ilimi ta Nijeriya, da matsalolin da suke tattare da koyar da shi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, mafi yawan ɗabi'un da manhaja take buƙata suna nan cikin rayuwar manoman wannan yanki tun fil azal, amma hanyar da ake bi wajen koyarwa ta raba darasin da wannan rayuwa. Sakamakon haka ɗalibi yakan ci jarrabawa ba tare da darasin ya taɓa halinsa ba.

3.1 Yanayin Ƙasa da Zaman Jama'a

Yankin da wannan nazari ya shafa ya ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Dambatta da Makoɗa da Ghari (wadda a da ake kira Kunci) da Bici da Tsanyawa da Dawakin Tofa da Minjibir da Ungoggo, waɗanda suke cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa ƙasar da ke kewaye da birnin tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. A nan gona tana manne da gona, kuma kusan kowace shekara ake noma ta, ba a barin ta ta huta kamar yadda ake yi a wuraren da daji yake da yalwa.

Abin da ya riƙe ƙarfin ƙasar shi ne taki. Manomi yana tara kashin awaki da tumaki da tokar murhu da sharar gida, ya kai gona da rani. A da, jakai ne suke shiga birni da itace su komo da taki a mangala. Ana shuka gero da dawa, a sa musu wake ko gyaɗa a tsakani, harawar kuma ta zama abincin dabbobi. Itatuwa irin su kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya kowanne yana da mai shi. Akwai kuma noman rani a kewayen madatsun ruwa kamar na Tomas da Watari da Jakara, ga kuma kasuwar hatsi ta Dawanau wadda take jawo 'yan kasuwa daga ƙasashen maƙwabta.

Dalilin kawo wannan bayani shi ne, irin wannan zama ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida. Inda gonaki suka matsu, taku ɗaya da mutum zai ci daga iyakar maƙwabcinsa ya isa ya haddasa shari'a. Akuya ɗaya da aka sake da damina tana iya ɓata zumuncin shekaru. Saboda haka mutunta haƙƙin wani a wannan yanki abu ne da abincin gida ya rataya a kansa.

3.2 Tarbiyyar Gida da ta Makarantar Allo

Kafin yaro ya shiga sakandare ya riga ya ratsa makarantu biyu na tarbiyya. Ta farko ita ce gida. A gandu yake koyon biyayya ga maigida da yin aiki tare da 'yan'uwa, a gayaunarsa kuma yake koyon dogaro da kai. A wajen gayya yake gane cewa wanda ya taimaki jama'a shi jama'a suke taimako. Yarinya kuwa tana koyon riƙon amana tun daga kuɗin talla da take kawo wa mahaifiyarta ba tare da ko kwabo ya yi ciwon kai ba. Gaisuwa da durƙusawa da cire takalmi a gaban manya da ɓoye sunan ɗan fari duk darussa ne na ladabi da kunya.

Ta biyu ita ce makarantar allo da ta Islamiyya. Bayan karatun Alƙur'ani, ɗalibi yana karanta littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, inda yake sanin halal da haram da haƙƙin maƙwabci. Haka kuma batun haƙƙin talakawa a kan shugabanni tsohon abu ne a ƙasar Kano. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha game da wajiban sarauta, kuma a farkon ƙarni na 19 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don shiryar da masu mulki da alƙalai.

A shekarar 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, inda ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka jera waɗannan kusa da sashe na 23 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, za a ga kusanci mai yawa. Wannan sashe ya lissafa ɗabi'un ƙasa guda bakwai, wato ɗa'a, riƙon gaskiya, mutunta sana'a, adalci tsakanin jama'a, haƙuri da mabiya wani addini, dogaro da kai da kishin ƙasa. Bambancin da ke akwai shi ne na faɗi. Tarbiyyar gida ta fi ƙarfi a kan wanda aka sani, wato dangi da maƙwabci da ɗan gari. Tsarin mulki kuwa yana buƙatar a miƙa wannan hali zuwa ga baƙon da ba a taɓa gani ba, da kuma dukiyar gwamnati wadda jama'a da dama suke ɗauka ba ta kowa ba ce. Wannan faɗaɗawa ita ce ainihin aikin da ya rage wa makarantar sakandare.

3.3 Tarihin Darasin a Manhajar Ilimi

Ilimin boko ya shigo Kano a shekarar 1909 lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa. Bayan samun 'yancin kai, taron ƙasa kan manhaja da aka yi a Legas a 1969 ya nemi a samar da ilimin da zai dace da bukatun Nijeriya. Daga shawarwarin wannan taro aka samu Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta sa cusa kishin ƙasa da kyawawan ɗabi'u cikin manyan manufofin ilimi. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, darasin Nazarin Zamantakewa shi ne ya ɗauki nauyin wannan aiki a ƙaramar sakandare.

A waje da aji ma gwamnatoci sun yi ta ƙoƙari. An ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, aka kafa hukumar MAMSER a 1987, sannan Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ta gaje ta a 1993. A Jihar Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shirin A Daidaita Sahu a 2004 domin gyaran tarbiyya. Yawan waɗannan shirye-shirye da kansa shaida ne cewa matsalar ba ta kau ba.

A shekarar 2007 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, wato NERDC, ta fitar da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, inda Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, wanda ɗalibai suke kira Sibik, ya zama darasi mai zaman kansa. A 2011 aka wajabta shi a babbar sakandare, kuma a 2014 ɗalibai suka fara rubuta shi a jarrabawar kammala sakandare. A manhajar da aka sake wa fasali a 2012 an haɗa shi da darussan addini da Nazarin Zamantakewa da ilimin tsaro a ƙarƙashin inuwa ɗaya a matakin ƙasa da babbar sakandare. Wannan haɗi ya jawo ƙorafi daga shugabannin addinai, har a 2017 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin a ware darussan addini. A 2025 kuma ma'aikatar ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta haɗe Sibik da Tarihi da Nazarin Zamantakewa a babbar sakandare su zama darasi guda.

Daga wannan tarihi za a lura cewa sunan darasin da mazauninsa sun sha canzawa. Abin da bai canza sosai ba shi ne hanyar koyarwa a cikin aji.

3.4 Matsalolin Koyarwa

3.4.1 Matsalar Harshe

Ingilishi shi ne harshen koyarwa a sakandare, amma ɗalibin karkara da Hausa yake tunani, da ita yake ciniki, da ita ake yi masa faɗa a gida. Idan malami ya rubuta ma'anar riƙon gaskiya da Ingilishi a allo, ɗalibi yana kwafa ya haddace, ba tare da ya gane cewa amanar da kakarsa take yi masa huɗuba a kanta ake nufi ba. A lissafi ko kimiyya raunin harshe yana rage fahimta ne kawai. A darasin tarbiyya kuwa ɓarnar ta fi haka, domin kalmar da ba ta shiga zuciya ba ba za ta gyara hali ba.

3.4.2 Misalan da Ba Su Dace da Muhalli Ba

Manhajar da aka fara amfani da ita a 2011 ta ƙunshi batutuwa kamar 'yancin ɗan Adam, dimokuraɗiyya, bin doka, dokokin hanya, shaye-shaye, fataucin mutane da ƙungiyoyin asiri. Duk suna da muhimmanci, sai dai littattafan da aka rubuta a kansu sun fi kawo misalai daga rayuwar manyan birane. Ƙungiyoyin asiri, alal misali, sun fi yawa a manyan makarantun kudancin ƙasar nan. Abin da ya yi kama da su a ƙasar Kano shi ne daba da bangar siyasa, waɗanda yaron ƙauye yake cin karo da su idan ya shiga birni cin rani ko lokacin zaɓe. Idan malami bai yi wannan fassara ba, ɗalibi zai ɗauka ana ba shi labarin wata ƙasa ne.

3.4.3 Jarrabawa

Shigar da darasin cikin jarrabawar WAEC da NECO ya ɗaga darajarsa, domin ɗalibai ba sa kula da abin da ba a jarrabawa a kansa. Amma kuma ya mayar da shi darasin hadda. Takardar jarrabawa tana iya auna ko ɗalibi ya san siffofin mai gaskiya guda biyar, amma ba ta iya auna ko shi mai gaskiya ne. Mafi muni shi ne inda aka yi satar amsa a jarrabawar wannan darasi kansa. Tun 1984 aka yi dokar soja mai tsanani a kan satar jarrabawa, aka sake wata a 1999, amma matsalar tana nan a faɗin ƙasa. Ɗalibin da ya ga manya sun haɗa kuɗi don a sassauta tsaro a ɗakin jarrabawa ya koyi darasin da ya rushe duk abin da aka karantar da shi cikin shekara shida.

3.4.4 Halin Makaranta da na Malamai

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Ɗalibi yana lura da lokacin da malami yake zuwa, da yadda ake naɗa shugabannin ɗalibai, da wanda ake hukuntawa da wanda ake ƙyalewa. Yawancin makarantun jeka-ka-dawo na ƙauyuka suna fama da ƙarancin malamai, kuma wasu malaman daga birni suke zuwa kullum, abin da yake jawo makara da fashi. Sau da yawa wannan darasi ana miƙa shi ga duk malamin da yake da sarari a jadawali, ko da ba fanninsa ba ne. Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana a 2024 amincewa ce da cewa gine-gine da kujeru da malamai sun yi ƙaranci. A ajin da ɗalibai suka cika maƙil, wasu a ƙasa, malami ba shi da zaɓi illa ya yi ta rubutu a allo, tattaunawa kuwa ba ta samuwa.

Haka kuma bulala da tsallen kwaɗo suna sa yaro ya bi doka muddin mai bulalar yana nan. Ɗan ƙasa nagari kuwa shi ne mai bin doka a inda babu mai ganinsa.

3.4.5 Damina da Ficewar 'Yan Mata

Zangon karatu na uku yana haɗuwa da shuka da noman farko, na ɗaya kuma da girbi. A gidan da ba a iya biyan 'yan ƙwadago, ɗan sakandare shi ne ƙarfin gandu, don haka fashi yakan yawaita. Idan makaranta ta ɗauki wannan a matsayin rashin ɗa'a tsantsa, ta saka yaro tsakanin biyayya ga mahaifi da biyayya ga malami, alhali kuwa a aji an koya masa mutunta sana'a. 'Yan mata kuma da yawa suna barin karatu bayan ƙaramar sakandare saboda aure ko nisan makaranta, wato kafin su kai ga batutuwan zaɓe da haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Ga shi kuwa su ne iyayen da za su fara tarbiyyar yara masu zuwa, kuma suna da ƙuri'a daidai da ta maza.

3.5 Hanyoyin Haɗa Darasi da Rayuwa

Hanya ta farko ita ce malami ya fara daga abin da ɗalibi ya sani. Idan ana batun bin doka, sai a fara da iyakar gona: wa ya shata ta, me ya sa ake dasa gamba ko aduruku a kanta, kuma idan rikici ya tashi wace hanya ake bi daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, har zuwa kotu. Daga nan sai a kai ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da kuma tsarin kotuna. Idan ana batun dukiyar jama'a, sai a kawo burtali da makiyaya da rijiyar gari. Kowane ɗalibi ya san abin da yake faruwa idan manoma suka cinye burtali: shanu su shiga gona, faɗa ya tashi tsakanin manomi da makiyayi. Wanda ya fahimci wannan ba zai sha wahalar gane illar cin kuɗin asibiti ko na hanya ba.

Batun haraji ma yana da tarihi a nan. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali bayan hawanta mulki a 1979, kuma dattawan ƙauye suna tuna wahalar da aka sha kafin nan. Wannan ƙofa ce ta tattauna dalilin biyan haraji, da bambancin harajin zalunci da na gina ƙasa, da haƙƙin mai biya na ya tambayi inda kuɗinsa suka tafi. Gwagwarmayar Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, misali ne na kusa a kan shigar talaka cikin siyasa.

Hanya ta biyu ita ce a ba ɗalibai damar aikata abin da ake koya musu. Maimakon malamai su naɗa shugabannin ɗalibai, ana iya shirya zaɓe da rajista da akwati da ƙirga ƙuri'a a gaban kowa. Ɗalibin aji shida yana dab da cika shekara 18, wato shekarun jefa ƙuri'a, don haka gara ya fara koyon karɓar kaye a filin makaranta. Gonar makaranta ma wurin koyon amana ce idan ɗalibai ne suke rubuta abin da aka kashe da abin da aka girbe, su karanta lissafin a taron safe. Aikin gayya don gyaran magudanar ruwa ko dashen itatuwa a gari yana nuna wa iyaye cewa boko bai raba 'ya'yansu da al'umma ba.

Hanya ta uku ita ce jawo al'umma cikin makaranta. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta na al'umma suna iya gayyato dagaci ko limami ko alƙali ko ma'aikaciyar asibiti su yi wa ɗalibai bayani da Hausa. Game da shaye-shaye, hana maganin tari mai kodin da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa matsalar ta kai matuƙa, kuma jami'an hukumar NDLEA suna iya bayyana illolinta fiye da yadda littafi zai yi. Haka nan ta wannan kwamiti za a iya sasanta batun fashin damina, a yi yarjejeniya da iyaye a kan ranakun da ba za a taɓa ba.

Hanya ta huɗu ita ce amfani da harsuna biyu. Ana iya tattauna batu da Hausa har a tabbata an fahimta, sannan a ba da kalmominsa na Ingilishi domin jarrabawa. Malamin Hausa da na Addinin Musulunci da na Sibik suna iya haɗa kai, tun da yake labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam da karin magana da hadisan da ake karantawa a aji duk suna magana a kan ɗabi'u iri ɗaya. A nan ya kamata a kula da cewa akwai 'yan tsirarun ɗalibai Kiristoci da 'ya'yan baƙin ma'aikata a wasu makarantun yankin. Yadda ake mu'amala da su shi ne ma'aunin gaskiya na darasin haƙuri da juna.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa zaman cunkoso a karkarar arewacin Kano ya gina ƙa'idojin mutunta haƙƙi da taimakon juna tun kafin zuwan boko. An kuma bi tarihin darasin zama ɗan ƙasa daga taron 1969 zuwa sauyin manhaja na 2025, aka ga cewa harshe da baƙin misalai da hadda da halin makaranta su ne suka hana shi tasiri yadda ake bukata. Yaron da ya san haramcin cin iyakar gona ya riga ya mallaki tushen abin da tsarin mulki yake nema a wajensa. Aikin makaranta shi ne ta nuna masa cewa akwatin zaɓe da baitulmali da takardar jarrabawa su ma suna da iyakar da ba a ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun sakandare su ne damar ƙarshe da hukuma take da ita a kan yawancin waɗannan yara kafin su shiga duniya. Babi na gaba zai duba rawar da iyaye da sarakunan gargajiya suke takawa wajen tafiyar da waɗannan makarantu.